Tantin da Bai Kai Nauyin Mudun Masara Ba

'Yan'uwa manoma, akwai waɗansu mutane a ƙasar Amurka da sukan bar gidajensu da motocinsu, su goya jaka a baya, su shiga daji da ƙafa har wata biyar ko shida. Ba fatauci ke kai su ba, ba kuwa farauta ba. Sha'awar tafiyar ce kawai. Inda rana ta faɗi musu nan za su kafa tanti su kwana, gari na wayewa su naɗe shi su yi gaba. Hanyoyin da suka fi shahara a wurinsu guda biyu ne. Ɗaya ita ce hanyar duwatsun Afalashiya a gabashin ƙasar, wadda aka gama sharewa a 1937. Tsawonta kilomita wajen 3,500 ne, ta ratsa jihohi 14 daga Jojiya zuwa dutsen Katahdin a jihar Main. Ɗayar kuwa tana yamma, ta bi ƙololuwar duwatsun Kalifoniya da Oregon da Washinton, daga iyakar Meksiko har iyakar Kanada, kilomita 4,265. Domin ku gane tsawon abin, daga Legas zuwa Maiduguri a mota bai kai rabin ta farkon ba. Cikin mutum huɗu da suka tasar wa hanyar Afalashiya da niyyar gama ta a shekara guda, wajen mutum ɗaya ne kan kai ƙarshe.

Saboda waɗannan matafiya ne aka ƙirƙiro wani irin tanti wanda mutum biyu za su kwana a ciki, amma nauyinsa ɗan fiye da rabin kilo ne kawai, watau kamar ledar ruwan sha guda ɗaya. Hotunansa suna yawo a wayoyin hannu, samarinmu suna gani, kuma duk wanda ruwa ya taɓa samu da tsakar dare a gonar nesa, in ya ji labarin ɗakin da ake sawa a aljihun jaka, tilas ransa ya biya. To, ga ra'ayina tun da wuri. Masu yin wannan tanti sun yi aikin hankali ƙwarai, na kuwa yaba musu. Amma sun yi shi ne domin wata bukata dabam da tamu, kuma ƙungiyar gama kai da ta taɓa asusunta domin sayensa, ko sayen kwaikwayonsa masu araha, ta yi asara. Abin da ya cancanci mu karɓa daga wurinsu shi ne lissafin da suka yi kafin su kai ga tantin, shi kuwa ba a biyan ko kwabo a kansa.

Bari mu fara da wata tsohuwa, gama ita ce matafiyan nan suke ɗauka kamar kakarsu. Sunanta Emma Gatewood, matar manomi ce daga jihar Ohayo, ta haifi 'ya'ya 11, ta sha aikin gona, ta kuma sha wuya a hannun miji mai duka. A 1955, tana da shekara 67, ta ce wa 'ya'yanta za ta ɗan taka, ba ta faɗa musu inda ta nufa ba. Ta kama hanyar Afalashiya daga Jojiya a farkon watan Mayu, ta hau kan Katahdin a ƙarshen Satumba bayan kwana 146. Ita ce mace ta fari da ta gama hanyar ita kaɗai a tashi ɗaya. Ba ta da tanti ko kaɗan. Kayanta duka suna cikin wata jaka da ta ɗinka da hannunta ta saɓa a kafaɗa: bargon soja ɗaya, da rigar ruwa, da labulen leda irin wanda ake ratayawa a ɗakin wanka, shi ne rufinta in ruwa ya sauko. Takalman kambas ne a ƙafarta, in sun mutu ta nemi waɗansu. In dare ya yi mata kusa da gidan mutane takan roƙi wurin kwana, in ba kowa sai ta tara busassun ganye ta kwanta a kai, in sanyi ya matsa ta gasa faffaɗan duwatsu a wuta ta ji ɗuminsu. Ta sāke bin hanyar a 1957, ta kuma gama ta karo na uku kashi kashi a 1964. Duk manomin da ya ji wannan labari zai ce, ai wannan tamu ce. Sai dai a tuna hanyar tana da rumfuna masu bango uku fiye da 250 a jere, waɗanda aka gina domin matafiya, don haka ba kowane dare labulen nan ya yi aiki ba.

Mutanen da suka biyo bayanta ba su bi sawunta ba. Kamfanoni suka yi ta fito da kaya masu ƙwari da nauyi, manyan takalman fata, da jaka mai ƙarfe a bayanta, da tanti mai bango biyu wanda ya kai kilo 3 ko 4. Har cikin shekarun 1980 ba abin mamaki ba ne a ga matafiyi yana hawan dutse da kilo 20 ko 25 a baya, watau rabin buhun taki. Wanda ya juya al'amarin shi ne Ray Jardine, injiniya ne da ya taɓa aikin kumbon sama, kuma gwanin hawan dutse. Shi da matarsa Jenny sun bi hanyar yamma a 1987 da kaya masu nauyi irin na kowa, ta ɗauke su wajen wata huɗu da rabi. Bayan haka suka zauna da ma'auni da keken ɗinki, suka shiga ragewa sannu a hankali. Daga baya suka ajiye tanti gaba ɗaya, suka ɗinka shimfiɗaɗɗen rufi wanda ba shi da bango, ba shi da ƙasa, ana ɗaure shi da igiya tsakanin itace biyu ko sanda biyu. Jakar goyo ma su suka ɗinka, haka abin rufa. A 1994 suka bi hanyar karo na uku cikin wata uku da 'yan kwanaki, kayan kowannensu, banda abinci da ruwa, bai kai kilo 5 ba. Littafin da Jardine ya fitar a 1992 a kan tafiyar wannan hanya shi ne ya baza dabarar, ko da yake da fari mutane da yawa sun ɗauke shi mai neman jefa jama'a cikin haɗari.

Ga yadda lissafin yake, ku kasa kunne sosai domin nan ne zuciyar maganar. Mai bin hanyar Afalashiya daga farko zuwa ƙarshe yakan yi taku wajen miliyan biyar. Ashe ke nan kowane kilo ɗaya da ya ƙara a jakarsa, sau miliyan biyar gwiwarsa za ta ɗaga shi. Mutumin da ya fahimci haka ba ya jefa kome a jaka sai ya ɗora shi a kan sikeli ya rubuta nauyinsa, sa'an nan ya tambayi kansa ko ya yi amfani da shi a tafiyar da ta wuce. Da suka yi wannan sai suka tarar abu uku ne suka cinye yawancin nauyin, watau tanti, da abin rufa, da ita kanta jakar. Suka kuma tarar abubuwan suna jan juna. In tanti da bargo suka yi sauƙi, ba a bukatar jaka mai ƙarfe. In jaka ta yi sauƙi, ba a bukatar manyan takalma. In ƙafa ta yi sauƙi, tafiyar yini takan ƙaru, kwanakin da ke tsakanin gari da gari su ragu, abincin da za a ɗauka shi ma ya ragu. Sai wata ƙa'ida kuma, cewa kowane abu ya yi aiki biyu. Yawancinsu suna dogara sanda biyu in suna tafiya, saboda haka aka yi tantin da ba shi da sandunan kansa, da yamma sai a kafa shi a kan sandunan dogarawar. Tukunya ita ce kofi, rigar sanyi ita ce matashi. Akwai ma masu yanke rabin mariƙin buroshin haƙori domin su rage 'yan giram, wannan kam na bar musu. Ma'aunin da suka sa wa kansu shi ne laba 10, watau kilo 4 da rabi. Wanda kayansa, banda abinci da ruwa da man girki, suka gaza haka, shi ne ya shiga sahun marasa nauyi.

Rufin Jardine yana da aibi guda wanda kowa ya sani: ba ya hana sauro da sauran ƙwari. A 1999 wani mai suna Henry Shires ya ɗinka wa kansa rufi mai raga a gefe domin tafiyar hanyar yamma, ya sa bayanin yadda ake ɗinka shi a intanet kyauta. Mutane suka dame shi da cewa su ba su iya ɗinki ba, ya ɗinka ya sayar musu. A 2002 ya buɗe kamfanin Tarptent. Irin waɗannan ƙananan kamfanoni suka yi ta fitowa, da yawa daga ɗakin ajiyar motar mai su suka fara, sa'an nan manya suka shigo. Daga nan ne, a ganina, abin ya fara sāke kama. Dabarar da ta fara da rage saye ta zama hanyar ƙara saye.

Yanzu sai mu dubi ƙyallen, gama a nan ne ake biyan bashin rashin nauyi. Yawancin tantunan nan da nailan ake yin su. Ana auna kaurin zaren da wani ma'auni da ake kira diniya: zaren da tsawonsa mita 9,000 ya yi nauyin giram ɗaya, diniya ɗaya ke nan. Tantin kasuwa na kowa da kowa yakan yi diniya wajen 70. Marasa nauyin kuwa 20 ne, ko 15, har akwai 10, in ka ɗaga shi a rana kana hango hannunka ta baya. Domin kada ya yi yoyo sai a jiƙa shi da silikon, wani abu mai santsi kamar roba. Yana da ƙarfin ja fiye da yadda ido zai zata, kuma akan saƙa waɗansu zaruruwa masu kauri a cikinsa kamar gidan dara domin in ya ɓarke ɓarakar ta tsaya. Amma nailan yana shan ruwa ya saki jiki. Tantin da ka ɗaure tamau da yamma, in raɓa ta sauka ko aka yi ruwa, sai ka ga ya lotsa har yana taɓa fuskarka, sai ka fita cikin dare ka ƙara jan igiya. Babban maƙiyinsa kuwa hasken rana ne, wanda ke cin zaren a hankali har ya zama kamar tsohuwar takarda.

Mai tsadar cikinsu ba saƙa shi ake yi ba sam. Ana kiransa Dyneema. Asalinsa daga tseren jiragen ruwa masu tafiya da iska ne. Da irinsa aka yi wa jirgin Amurka da ya ci babbar gasar 1992 ƙyallen kama iska. Waɗansu zaruruwan roba ne sirara ƙwarai, waɗanda masu yinsu suke cewa in aka gwada nauyi da nauyi sun fi ƙarfe ƙarfi har sau 15, akan jera su a manne su tsakanin leda biyu masu kamar fatar albasa. Da can ana kiransa Cuben Fiber, sai kamfanin DSM na ƙasar Holan ya sayi masu yinsa a 2015 aka sāke masa suna. Ba ya shan ruwa, ba ya lotsawa, in ka kaɗa shi da safe ya kusa bushewa, in ya huje akan liƙe shi da tef. Shi ne ya sauko da tantin mutum biyu zuwa rabin kilo. Amma ƙarfinsa na ja ne kawai. Gogayya da dutse ko yashi tana cinye ledar da ke bayansa, yawan naɗewa da warewa yana buɗe masa 'yan ƙananan huji, ƙaya tana shigarsa ba wuya, zafi kaɗan kuma ya ishe shi narkewa. Su kansu matafiyan sukan ce in irin wannan tanti ya kai mutum ƙarshen doguwar hanya guda, ya biya kuɗinsa, abin da ya yi bayan haka gyara ne.

Kuɗin nasa fa? Tantin Dyneema na mutum biyu, irin wanda kamfanin Zpacks ke yi, yakan kai dala 700 ko kusa da haka. A 2024 dala ɗaya ta haura naira 1,500, watau tantin ya wuce naira miliyan ɗaya tun kafin a yi maganar kuɗin jirgi da na kwastan. A wannan shekarar ce aka sa mafi ƙarancin albashi a Nijeriya naira 70,000 a wata. Ku yi lissafin da kanku, albashin wata 15 ke nan. Na nailan sun fi sauƙi, amma masu kyansu ma ɗaruruwan daloli ne. Ko a Amurka ɗin akwai masu gunaguni cewa mutum yakan biya dala ɗari biyu ko uku domin ya rage nauyin da bai fi na kofin ruwa ba, alhali in ya zubar da ruwan da ya ɗebo fiye da bukata ya sami wannan ragi a banza. Tsohuwar nan ta Ohayo da labulen wankanta, da ta ga haka, da ta riƙe baki.

Akwai kuma wata damuwa da hoto ba ya nunawa. Yawancin marasa nauyin bango ɗaya gare su. Numfashin mai barci da zufarsa da danshin ƙasa suna tashi su tarar da ƙyalle mai sanyi, sai su zama ruwa a cikin rufin ta ciki, kamar yadda murfin tukunya yake yi. In iska ta kaɗa ko ruwa ya bugi rufin ta waje, sai ɗigon ya zubo maka. Tsohon tanti mai bango biyu yana da na ciki da ke tare wannan ɗigo, shi ne nauyin da aka cire. Maganin da suka samu shi ne a bar ƙofofi a buɗe, a ɗaga gefen rufin daga ƙasa domin iska ta ratsa, a kuma guji kwana a bakin rafi ko cikin kwari inda raɓa ta fi sauka. Wannan yana yi musu aiki a kan duwatsu masu sanyi da busasshiyar iska. Ragar da suke sawa kuwa idonta ƙanana ne ƙwarai, ta fi gidan sauro matsewa, domin a ƙasarsu akwai waɗansu ƙwari masu cizo da ido da ƙyar yake ganinsu. Irin wannan raga tana tare iska. Ku kwatanta kwana a cikinta a daren Afrilu ko Mayu a nan wurinmu, sa'ad da hadari ya haɗu ya ƙi zubowa.

To, yanzu mu zo kan tambayar da ta raba mu da su: wa zai ɗauki kayan, kuma sau nawa? Matafiyin Amurka shi ne jakin kansa, kuma kullum sai ya tashi. Buzaye ma masu tashi ne, amma tantinsu na fatun awaki da tumaki masu yawa da aka ɗinke, ko na tabarmin kaba irin na mutanen Abzin, yana da nauyi ainun, ba su kuwa damu ba, gama jaki da raƙumi ne ke ɗauka, tantin kuma yakan yi shekaru. Fulanin daji sukan ɗora abin da ya wajaba a kan dabba, sauran su samu a inda suka sauka, rassa da ciyawa. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Manomin da ke da gona a nesa, inda zaman lafiya ya bari a kwana, yakan kai kayansa sau ɗaya ne a farkon aiki, a kan babur ko keke ko amalanke, ya komo da su sau ɗaya in an gama. Kilo uku ko huɗu da zai rage ba su taɓa gwiwarsa ba. In ya biya kuɗin rashin nauyi, ya sayi maganin ciwon da ba shi da shi.

Abin da ya fi wannan muni shi ne zaman wuri ɗaya. Matafiyi yana kafa tantinsa da magariba ya naɗe shi da asuba, saboda haka ko ya yi wata biyar a hanya, tantin bai ga rana tsaka ba sai nadiran. Mai tsaron gero daga tsuntsaye, ko mai jiran shinkafa a fadama, ko mai noman rani, a tsaye zai bar shi mako da makonni. Ranar da za ta doke shi cikin wata guda ta fi wadda tantin matafiyi zai gani duk tsawon ransa. Ƙara da ƙaya da ƙarangiya da kututturen dawa da ke ƙarƙashinsa, da ƙura da ke kashe zif, da akuyar da ba ta ƙi ɗanɗana kome ba. In zif ya mutu kuwa, tantin ya zama buhu. Sa'an nan ga wuta. Mu ba mu kwana a gona ba tare da wuta ba, tartsatsi ɗaya kuwa ya isa ya huda nailan, in ya kama kuma narkewa yake yi yana ɗiga a jiki. Kada kuma kowa ya shigar da gawayi ko risho cikin kowane irin rufaffen tanti domin jin ɗumi ko girki. Garwashi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, takan kashe mutum cikin barci, ta kuwa kashe masu kwanan tanti a ƙasashe da dama.

Wani zai ce, ai ba mai maganar na naira miliyan, ga masu araha nan a kasuwannin birni, ga kuma na gwanjo. Gaskiya ne akwai su, amma a yi hattara. Mai arahar yakan kwaikwayi siffa ne ya bar aikin: ɗinkin ba a liƙe shi ba, ruwa yana bin ramin allura, sandunan kuma na wata roba ce mai tsagewa in iska ta yi ƙarfi. Na gwanjo kuwa sau da yawa abin da aka shafa masa ta ciki domin hana ruwa ya riga ya lalace, gama irin wannan shafi zafi da danshi suna ruɓar da shi ko yana ajiye. Alamarsa ita ce ƙyallen yana danƙo a hannu, ko yana ɓarewa kamar amosanin kai, ko yana wani wari mai tsami. In kun ji ɗaya daga cikin waɗannan ku ajiye shi, ba ya gyaruwa.

Maganar sauro ita ce ta fi damuna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna a rahotanninta na 'yan shekarun nan cewa wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Nijeriya suke, sauron da ke kawo shi kuwa da dare yake cizo. Ragar tanti tana tare sauro muddin ba ta huje ba kuma zif yana rufe, amma yawancinta ba ta da magani. Gidan sauro mai magani, irin wanda ake rabawa a asibitoci da lokacin kamfe, yana kashe sauron da ya sauka a kansa ko ya kore shi, ko da ya ɗan huje yana da sauran amfani, an kuma yi shi ya kai wajen shekara uku. Mutumin da ya bar wannan a gida ya tafi gona da tanti, zafi ya sa ya buɗe ƙofa da tsakar dare, ya yi baya ne. Mako guda na zazzaɓi a tsakiyar noma, kun fi ni sanin abin da yake ci.

Ban ce babu wanda irin wannan tanti zai yi wa rana a ƙasarmu ba. Masu gadin daji da masu bincike da ke kwana da kwanaki a ƙafa cikin Gashaka Gumti, inda ba gari ba hanyar mota, lissafinsu ɗaya ne da na matafiyin Amurka, in suna da halin saye su saya. Amma malamin gona ko mai allurar dabbobi da ke hawa ƙauyukan kan dutse ba ya rasa ɗakin baƙi, abin da yake bukata a jakarsa gidan sauro ne da 'yar igiya. Su ma matafiyan sun san rage kaya yana da iyaka. Ɗaya daga cikin manyansu, Andrew Skurka, ya yi rubutu a kan abin da ya kira rashin nauyi na wauta, watau mutum ya bar abin da lafiyarsa ke bukata a gida domin kawai sikeli ya nuna ƙaramar lamba.

Abin da za mu ɗauka kuwa yana da yawa, kuma yawancinsa daga rufin Jardine ne, wanda ba kome ba ne illa tamfol da aka ɗaure da hankali. Tamfol mai mita 3 a kan mita 4 ya ishi mutum biyu da kayansu. A ja igiya tamau tsakanin itace biyu ko turaku biyu, a ɗora tamfol a kai kamar jinka, a ja gefunan ƙasa da ƙarfi domin kada ruwa ya sami wurin kwanciya. Tun da yake hadarinmu daga gabas yakan taso, gefen gabas shi za a saukar har ƙasa, a ɗaga na yamma domin iska. In zoben da ke bakin tamfol ya fita, kada a huda sabon rami. A sa ɗan dutse mai santsi a cikin ƙyallen, a naɗe, a ɗaure igiya a wuyansa, ya fi zoben riƙo. In aka sa guntun robar tayar babur tsakanin igiya da turke, iska za ta ja robar maimakon ta yaga tamfol. Gidan sauro a rataye shi a wannan igiyar ta tsakiya, a bar tazara tsakaninsa da rufin, a cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma. Wata dabara tasu mai kyau ita ce shimfiɗar ƙasa mai kamar kwano: akan naɗe bakin ledar ƙasa sama kamar taƙi ɗaya a kowane gefe a kama kusurwoyin, sai ruwan da ke gudu a ƙasa ya bi ta ƙarƙashi, kunama da kwarkwasa ma su sami shinge. Wurin kafawa kuma ya zama ɗan tudu, nesa da hanyar ruwa, ba ƙarƙashin dogon itacen da ke tsaye shi kaɗai ba saboda tsawa.

Tamfol ɗin kasuwa shi ma rana tana cinsa, amma kuɗinsa kaɗan ne, kuma in zaman zai wuce mako biyu akwai abin da ya fi: a yi bukka yadda aka saba, a shimfiɗa tamfol ko leda mai kauri a kan tankar, sa'an nan a baibaye da ciyawa a bisa. Ciyawa ta tare rana da zafi, leda ta tare yoyo, in an gama aiki a zare ledar a wanke a shanya a inuwa, a naɗe ta sai ta bushe sarai. Ƙungiyar da membobinta da yawa ke kwana a gona tana iya sayen tamfol a dunƙule kan farashin sari, ta kai wa telan da ke ɗinkin rumfar mota ko buhu ya yanka, ya ninke bakin sau biyu, ya ƙara ƙyalle a kusurwoyi huɗu da tsakiyar gefuna inda igiya ke ja. A fara da guda ɗaya, a kafa shi a filin taro, mutum biyu su shiga ciki a kwara masa bokiti uku na ruwa, kafin a ba tela sauran.